Layukan da Suka Yi wa Littafin Yaya Yawa

A layin da shagonta yake, tsakanin tela da mai gyaran waya, Mai Shafi ake ce mata, a gida kuwa Goggo. Aikinta shi ne ta karɓi rubutun mutum yadda ya kawo shi a hargitse, ta zaunar da shi a kwamfuta shafi-shafi, ta daidaita gefe da lamba da kan babi, har ya zama fayil ɗin da maɗaba'a za ta karɓa ba ta dawo da shi ba. Da keken rubutu ta fara tun tana budurwa, a wani ofishi da ake buga wa mutane takardu. Da kwamfuta ta shigo, abokan aikinta suka watse, ita ta zauna ta koya, tana ɓatawa tana gyarawa. Ta yi aure, mijin ya rasu, 'ya'ya suka girma suka bar gida, tana nan dai kan kujerarta mai matashi biyu.

Tana da wata ɗabi'a da duk mai kawo mata aiki ya sani: ba ta karanta littafin da take shiryawa, kallonsa take yi. Takan ƙanƙanta shafi har rubutun ya koma toka-toka, sai ta hango inda layi ɗaya ya maƙale shi kaɗai a sama, ko inda hoto ya matso bakin da wuƙa za ta yanke. "In na tsaya jin labari," takan ce, "kuskure zai wuce ta gabana yana ɗaga mini hannu."

Littafin da ke hannunta a lokacin na yayanta ne, tsohon direban babbar motar fasinja, wanda ya daɗe yana rubuta abin da ya gani a hanya. Ana cikin aikin ciwo ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Har yanzu gidan bai gama dawowa daidai ba. Waya in ta yi ƙara, gaban kowa sai ya faɗi. Goggo ta rufe shago ta tare a asibiti har aka sallame shi. Ya dawo magana na fita da ƙyar, kuma ba shi da buri irin ya riƙe littafinsa da hannun da ya rage masa.

An riga an buga bangon, an auna ƙashin bayansa daidai kaurin littafin. Maɗaba'a kuwa a babbar takarda take bugawa, kowace ta ɗauki shafi goma sha shida, a naɗe a yanke. Littafin Yaya ya cika takardarsa ta ƙarshe taf. Sai ga 'yarsa ta turo wani ƙari da ya yi mata shifta bayan dawowarsa. Goggo ta zuba shi a ƙarshen fayil, ta ga ya tsallaka zuwa sabon shafi. Sabon shafi yana nufin sabuwar takarda guda, ita kuma ba za ta shiga bangon ba. Ga shi ran nan mai injin maɗaba'ar ya ce a kawo fayil, in ba haka ba layin bugawa ya wuce su.

Da safe ta biya ta gidan. Yaya na kishingiɗe a falo, an tokare shi da matasai.

"Yaya, littafinka ya yi ƙiba. Jelar nan da aka ƙara masa ta zubo waje, sai dai a cire ta."

Ya daɗe yana kallonta. "Duka?"

"Duka. Kai da ka san mota in ta cika, ko ɗan sarki ne sai ya jira ta baya."

Bakinsa ya motsa kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce, "To."

Ta koma shago, ta cire, ta aika fayil, har ta ji wata nutsuwa irin ta wanda ya sauke kaya. Ba ta gama shan shayinta ba matar Yaya ta ɗaga labule, mayafi a karkace.

"Goggon yara, me kika yi wa yayanki? Tun da kika fita ya juya fuska bango, ko ruwa ya ƙi karɓa."

"Ni? Jela kawai na ce a cire, Anti, kuma ya yarda."

"Ya yarda! Yaushe ya taɓa yi miki musu? Kin ga yadda ya fitar da kalmomin nan? Ya faɗi ɗaya ya huta, yarinyar nan na rubutawa tana share hawaye. Kin ma karanta kuwa?"

Goggo ta buɗe tsohon fayil, ta ƙara wa rubutun girma. Godiya ce. Ya gode wa matarsa mai juya shi in ya gaji da kwanciya, da 'yarsa da ta zama hannunsa, da likitan da ya duba shi, da mutumin gadon kusa mai ara masa rediyo, da mai sharar ɗaki da ke kiransa direba. A ƙarshe ya ce, "Da ƙanwata, wadda na goya tana ƙarama, ita ta riƙa goge mini baki, ban taɓa ganin ƙyama a fuskarta ba."

Ta kira maɗaba'a, ba a ɗauka ba. In inji na aiki ba mai jin waya. Ta ce wa matar Yaya ta koma gida wajensa, ta zare filashin da tsohon fayil ke ciki, ta bar wa tela makullin shago, ta tare tasi.

Warin tawada ya tarbe ta tun daga ƙofa. Mai inji ya leƙo daga bayan tulin takardu, hannuwansa baƙi ƙirin.

"Mai Shafi da kanta? Ke da ba ki taɓa biyo fayil ba. Gobara aka yi?"

"Malam, ka yi farantan?" Tana nufin farantan ƙarfen da ake zana shafuka a kai kafin a ɗaura wa inji.

"Na farko duk sun fito. Na ƙarshe ne ya rage, yanzu zan sa."

"Kar ka sa. Akwai wata jela da na cire, zan mayar. Ara mini kujera."

"Sai dai kafin in gama aikin da ke kan inji. Yana sauka, naku zai hau, ko da jela ko babu."

Ta zauna gaban kwamfutarsa mai maiƙo. Shafukan takardar ƙarshe kaɗai za ta iya taɓawa. Ta shiga farautar sakin layin da ya ƙare da kalma ɗaya tilo, ta ɗan matse tazarar haruffa yadda ido ba zai gane ba, kalmar ta hau sama, layi guda ya samu. Wannan karon dole ta bi kowace jimla don kar ta karya magana inda bai dace ba. A nan ta san cewa Yaya ya taɓa tsayar da mota cike da mutane don wata mata ta haihu, kuma yana tsoron gada har ya bar tuƙi bai gaya wa kowa ba. Ta riƙa tsinto layi nan, layi can, godiyar na shigowa a hankali. Da ta kai ƙarshe, layi ɗaya da ɗan guntu suka rage a waje. In ta ƙara matsewa, shafin zai cushe, kowa ya gani.

Mai inji ya tsaya a kanta yana goge hannu da tsumma. "Cire mai sharar nan mana. Wa zai sani?"

"Ba ni na rubuta ba," ta ce. Ta kira matar Yaya, ta ce a kara masa wayar a kunne. Ta toshe ɗaya kunnenta saboda ƙarar inji.

"Yaya, ni ce. Na samo wa mutanenka wuri, saura mutum ɗaya. In ka ce ni, ba komai, na riga na gani."

Ta ji numfashinsa, sannan muryar, kalma-kalma.

"Ke... zauna. Sauke... likitan."

"Likita kuma, Yaya?"

"Bai taɓa... amsa... gaisuwata ba."

Ta ji dariyar matar Yaya daga can, irin wadda aka kwana biyu ba a ji a gidan ba. Goggo ta goge likitan, layin ƙarshe ya hau ya zauna daidai ƙasan shafi. Ta adana fayil ɗin, ta miƙe ta ba mai inji kujerarsa.

"Sa farantinka, Malam."