Gaisuwar Kaka a Tsakiyar Rawa

Mu 'yan Zongon Sokode, tun kafin mu iya magana aka koya mana rusunawa. Babba ya shigo, kai ƙasa, ido ƙasa, gwiwa ƙasa. Sai ga wata malama ta dawo daga Faransa ta buɗe ajin rawar Turawa da ake kira bale a bayan makarantarmu, ita kuma komai sama take so. Kullum cewa take mu ji kamar an ɗaura mana zare a tsakar ka ana ja. Da 'yar sandarta take ɗaga mana haɓa, ta taɓa kafaɗa, ta ce ciki ya shige. Ni dai na so abin har raina.

Matsalar kakata ce. Wata rana na kai mata koko, baya a miƙe, wuya kamar na zabuwa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce rawar nan girman kai take koya mini. Za mu yi wasa a Dapaong, inda ƙanwarta ke aure, don haka ta yanke cewa za ta je ta gani da idonta, in bai yi mata ba na bar ajin ke nan. Na ji tsoro ƙwarai.

Ranar wasa kaka ta makara, don ta tsaya sallar la'asar. Muna tsaye kan 'yan yatsun ƙafa, hannuwa sama, malama tana murmushi daga gefe, sai ga kaka ta turo ƙofa. Kaka ba ta shiga wuri shiru. Ta rangaɗa sallama, har mai kiɗa ya waiwayo.

Ba mu yi shawara ba wallahi. Gaba ɗayanmu muka zube, muka amsa, har da tambayar gajiyar hanya. Sai dai wahalar malama ba ta tafi a banza ba: gwiwoyi sun lanƙwasa, bayanmu kuwa a miƙe sambal. Jama'a suka ɗauka cikin rawar ne, suka tafa. Malama ta rufe fuska da gyale.

Bayan an tashi kaka ta kama hannun malama ta ce, "'Yata, na zarge ki a banza. Ashe har gaisuwa kike koya musu. Ki riƙe mini ita."

Malama ta buɗe baki, ta dube ni, ta ga yadda nake kallonta. Sai ta rusuna ta ce, "To, Iya."