Jinyar Ungulu a Ƙofar Marusa

Mahaifina mahauci ne, a mayanka ya tsufa. Yakan ce lokacin ƙuruciyarsa sai an sa ƙafa an ture ungulaye kafin a samu wurin ajiye daro. Ni kaɗan na tarar, daga baya ma suka ɗauke gaba ɗaya. Ana cewa guba ake barbaɗa musu a mushe, saboda masu neman kawunansu don tsibbu.

Shekarar da nake karatun digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, wata rana da hantsi Baba ya shigo gida rungume da buhu yana motsi. Ungulu ce, ya tsince ta a bayan mayanka da karyayyen fiffike. Ya yi mata ɗori da kara da tsumma, ya gyara mata tsohon kejin kajinmu a ƙuryar gida, kusa da ƙofar baya. Maƙwabta suka yi ta magana, wai ba a ajiye ungulu a gida. Har wani ya yi sallama yana tambaya ko za a sayar masa da kan. Baba ya raka shi bakin titi, ya dawo wurin kejin.

Kullum sai ya dawo mata da nama mai kyau, ya wanke, ya yanka ƙanana. Ruwan randa take sha. Ba ta kuka, ba ta dukan wayar kejin. Sai dai in ina shanya na juya, in tarar ta kafe ni da ido, wuyanta a lanƙwashe kamar tsohuwar da ta zo gaisuwar mutuwa.

Aikina a makaranta a kan fumfuna ne, dangin wadda ke fitowa a jikin tuwon da ya daɗe. Akwai irinta da ke zaune a cikin hanjin dabbobi da tsuntsaye, ido ba ya ganinta. Da ungulun ta yi watanni a wurinmu sai na roƙi malamina ya bar ni in gwada kashinta da na 'yan'uwanta na daji. Da ƙyar na samu wata kuka a gonakin Batagarawa inda 'yan ƙalilan ke kwana, na kwaso kashinsu daga gindinta.

Na shuka su a farantan gilashi, na jira. Na dajin suka cika da launi kala-kala, fari da kore da baƙi, wasu ko malamina sai da ya yi bincike kafin ya gane su. Na tamu kuwa 'yan iri kaɗan suka fito, yawancinsu irin da na saba gani a dusa da bangon ɗakin kaji.

Na nuna wa Baba hotunan a waya bayan la'asar. Ya daɗe yana kallo.

"To, ɗiyata, mi ke nan?"

"Baba, cikinta ya sauya. Abin da ke cikin na daji yawanci babu a nata."

"Ciwo ne?"

"Ban sani ba. Wataƙila in ta koma cin abin da suke ci ya dawo. Wataƙila kuma a'a."

Ya miƙo mini wayar. "Ni da na ce jinya nike yi."

Fiffiken ya riga ya warke. Ranar wata Asabar muka ɗauki keke mai ƙafa uku zuwa kukar nan. Mun yi sa'a, akwai mushen jaki a gefen gona, na dajin suna kai. Baba ya kwance buhun ya ja da baya.

Ta fito ta buɗe fukafukai, na ce yanzu za ta tashi. Ba ta tashi ba. Ta taka zuwa kusa da mushen, ta tsaya tana kallon masu ci, babu wadda ta kula ta. Can sai ta juyo, ta biyo Baba da ɗan tsallen nan nasu.

"Tahi mana," in ji shi. Ya kaɗa mata buhun. "Tahi, ga 'yan'uwanki can."

Ta tsaya inda ya tsaya. A ƙarshe ya ce wa mai keken ya ja. Na waiwaya na hango ta a tsakiyar burtali, ba ta koma wurin mushen ba, ba ta kuma biyo mu ba. Baba bai waiwaya ba har muka hau kwalta.

Bayan 'yan kwanaki ya koma shi kaɗai. Bai gan ta a kan kukar ba, bai ga gashinta a ƙasa ba. Wani manomi da ke sassabe a wurin ya ce masa shi dai ya ga wata ungulu da sassafe tana tafiya da ƙafa a gefen hanya, ta nufi gari, har babura na kauce mata.

Baba ya ba mu labarin yana alwala, bai ɗago kai ba. Tun daga ranar ya hana a rufe ƙofarmu ta baya. Awakin maƙwabta suka riƙa shigowa suna yi mana ɓarna, aka yi ta ƙorafi, bai janye ba. Haka ƙofar ta zauna a buɗe har damina ta faɗi.