Yashin Cadakori da Kekena

Ana idar da sallar asuba muka bar Agye ni da yayana, kekena na guragu ɗaure a saman mota tsakanin buhunan gyaɗa. Ɓacin rai ne ya tashe ni. An tura ni koyarwa a wata lakol, wato makarantar boko, a wani ƙauyen Cadakori, sai wani babba a buro, ofishinmu na ilimi, ya dubi ƙafafuna da shan-inna ta shanye, ya ce yashin can ya fi ƙarfina, gara a bar ni a gari ina buga hatimi. Ni kuwa aikin alli na koya.

Hanya lafiya lau har Maraɗi, sai dai kuɗin mota ya tashi, ɗan kamasho ma ya so ya karɓi na mutum guda a kan keken. Na ce na yarda, amma a ba keken kujerar gaba. A Tibiri muna cin ƙosai wata tsohuwa ta aje mini sadaka a cinya. Na mayar mata, na haɗa mata da ƙosai mai zafi.

Abu ɗaya babban ya faɗa daidai: siraran tayoyin kekena na kwalta ne, da sun taɓa yashi sai su nutse. Shi ya sa muka wuce Gidan Rumji wurin wani mai walda. Ya cire su, ya sa na babur masu faɗi, ya sauya sarƙa don juyin hannu ya yi sauƙi. Keken ya fito mummuna kamar amalanke, yayana na ta dariya.

Washegari muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙauyen. Gero ya yi kai dama da hagu, wata Bafulatana ta sayar mana da fura da nono mai sanyi. Daga nan yashi ya fara gwada ni. Tafin hannuna ya yi ƙuna, kafaɗuna kamar ba nawa ba, har na yi hawaye don haushi. Wani dattijo mai amalanken jaki ya tsaya.

"Ɗiyata, hau in kai ki, wagga wahala ta mi ce?"

"Baba, in na hau yau, gobe wa zai kai ni?"

Ya rage tafiyar jakinsa, ya bi ni a baya har ƙofar lakol. Babu wanda ya tura mini keken. Na sa yayana ya cika mini leda da yashin ƙofar ajin.

Da muka dawo Agye ban ko huta ba, na shiga buro na aje ledar a kan teburin babban. Ya dubi yashin, ya dubi hannuna da ya ɗuri ruwa, bai sake zancen hatimi ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan: taya ce ta gaza, aka ɗora wa ƙafafuna laifi. Taya kuwa an sauya ta. Da an dawo daga hutu, ajin nan nawa ne.