Kara na Goma Sha Biyu a Akwatin Alhaji Ilu

Daura, Talata

Ranar Talata, ƙarfe shida saura kwata na safe, cikin bazarar shekara ta uku da fara aiki da Shari'a a jiharmu, na fita daga gidan yayata Hajara da ke cikin garin Daura. Mutum biyu ne suka rako ni ƙofa: ita Yaya Hajara, da Mamman Sani, ƙanin mijinta. A hammatata akwai ƙaramin akwatin katako, naɗe cikin tsumma mai danshi.

Ga abin da ya fitar da ni. Mijin Yaya, Alhaji Ilu, ya tsallaka Nijar fatauci shekara goma sha huɗu kafin nan, bai dawo ba, ba a kuma ji ɗuriyarsa ba. A wannan shekarar ce zai cika saba'in, shekarun da malamai suka ce in ɓatacce ya kai, sai a ɗauka ya rasu. Danginsa suka kai maganar gaban alƙali, ya sa aka fasa kwaɗon ɗakinsa, wanda su da kansu suka rufe tun shekarar ɓatansa. A kusurwar ɗakin, cikin wata tukunya da aka binne har wuya, aka sami akwatin. Tabar naɗi ce a ciki, irin wadda manyan Turawa ke sha, ganye zalla ba takarda, kowane kara ya kai kaurin babban yatsa. Alhaji da hannunsa yake naɗa ta. Akwatin kara goma sha biyu yake ci, kuma a cike aka same shi.

Yaya ta ce da safen da zai tafi, a gabanta ya zare ɗaya ya sa a aljihu, goma sha ɗaya ya bari. Mamman Sani ya ce mantuwar tsufa ce. Alƙali ya ce shi bai san taba ba, ba ya kuma sha'awar saninta, amma ba zai rubuta mutum cikin matattu ba alhali ana zancen sabon aikin hannunsa. Ya ba mu kwana takwas mu kawo maganar masani.

A bakin ƙofa Yaya ta ce, “Auta, ni ba gidan nan nake karewa ba. A faɗa mini ɗaya kawai: in shiga takaba, ko in ci gaba da jira.”

Mamman Sani ya yi dariya. “Ka gaida mai hancin. Ka ce ya shinshina a hankali, kada ya shaƙe mana rabin shaida.”

Dutsi

Masanin da ake nufi shi ne Malam Sale, wanda ake wa laƙabi da Sale Hanci. Ya yi shekara talatin yana tantance ganye a wani kamfanin taba a Zariya, kuma shi ya koya wa Alhaji Ilu naɗi. Labarinsa na ƙarshe da muke da shi, yana Dutsi.

Motarmu, tsohuwar Fijo, ta bar tasha ƙarfe bakwai saura minti ashirin, mu bakwai har da direba. Ba mu yi nisa ba muka tarar da 'yan Hisba a bakin hanya. Ɗayansu ya leƙo, idonsa ya sauka a cinyata.

“Baba, me ke cikin tsumman?”

Na kwance, na ɗaga murfin. Ƙamshin ya cika motar nan take. Ba irin na sigari ba ne. Ya fi kama da tsohuwar zuma, da fatar jaka, da ƙasa in ruwan farko ya taɓa ta. Mutumin ya duba, ya ce ba ta cikin abin da suke nema, amma in rufe don Allah. Bayan mun wuce, wata tsohuwa da ke bayana ta taɓa kafaɗata.

“Malam, wa ya rasu?”

Na ce, “Abin da na fito tambaya ke nan, Inna.”

Sai ta sa direba ya sauke mata gilashi.

Mun isa Dutsi ƙarfe bakwai da rabi. Gidan Malam Sale na rufe, ciyawar bara ta bushe a bakin zaure. Maƙwabcinsa, wani tela, ya tsayar da kekensa ya ce idon tsohon ya tafi gaba ɗaya, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Babban Mutum. Ya ba ni kwatance, sannan ya ƙara da cewa, “Kai ne na biyu da ya zo nemansa da zancen taba.”

“Na farkon fa?”

“Wani dogo, bara waccan, da la'asar. Malam yana masallaci. Na ce ya zauna, bai zauna ba. Na kawo ruwa, bai karɓa ba. Na shiga in ajiye kwanon, na fito babu shi.”

“Ya faɗi sunansa?”

“Ban tambaya ba. Ka san akwai mutumin da ba ka jin tambayarsa.”

Alhaji Ilu dogo ne. Na rubuta wannan a littafina, na kuma rubuta a ƙarƙashinsa cewa dogayen ƙasar Daura ba su da iyaka. Aikina na karanta labarai a rediyo ya koya mini kada in haɗa labari biyu don kawai sun zo jere.

Sandamu

Na komo Daura da hantsi, ban shiga gidan Yaya ba don ba ni da abin faɗa mata. Na wuce Sandamu wurin wani tsohon abokin aikina, na ci tuwon dawa da miyar kuka, na kwana. Abu ɗaya na lura da shi a nan. Tsumman da na jiƙa da asuba, kafin azahar ya bushe ƙarau. Na sake jiƙa shi, kafin magariba ya sake bushewa. Haka bazararmu take. Amma da na danna kara ɗaya da yatsa, sai ya lotsa ya dawo, kamar naman hannun mai rai.

Zango, Baure, Babban Mutum, Laraba

Na bar Sandamu ƙarfe shida, na kama bas a Daura bakwai da kwata. A Zango muka tsaya ɗaukar buhunan gero, na sha koko da ƙosai a tsaye. Bayan Zango jami'an kwastan suka tsayar da mu, kasancewar iyaka na kusa. Babbansu ya juya akwatin, ya nemi tambarin kamfani bai gani ba, ya ce, “Wannan ai ba fasa-ƙwauri ba ne, kayan tarihi ne.” Ya miƙo mini da hannu biyu. Mun shiga Baure ƙarfe goma da rabi, na hau acaɓa, sha ɗaya da kwata ina ƙofar gidan da tela ya kwatanta.

Binta, 'yar Malam Sale, ta shigar da ni zaure ta kawo fura. Tsohon na zaune a kan buzu, hannunsa na dama a shanye bisa cinya, idanunsa farare. Ban gama gaisuwa ba ya ɗaga hanci.

“Akwatin Ilu ne wannan. Ni na ba shi. Ya dawo?”

Na ba shi labari daga farko. Ya sa na wanke hannu ba sabulu, ya sa Binta ta fitar da kaskon turare ta saki labule. Sannan ya ce in riƙa miƙo masa ɗaya-ɗaya, daga hagu.

Yadda yake yi ke nan. Zai murza karan a hankali kusa da kunne. Zai bi jikinsa da babban yatsa daga kai zuwa wutsiya. Zai shinshina bakin, ba tsakiya ba. A ƙarshe ya taɓa wutsiyar da harshe, inda aka liƙe ganyen da ƙaro.

“Sabuwar taba cizo take yi,” in ji shi. “Warin garken awaki ne da ita, ya hau maka har ido. Shekara biyar kafin ya kwanta. In ta haura goma, mai ya fito mata, ka ga wani farin gari a jikinta. Kana ganinsa?”

Na ce ina gani.

“Share.”

Na share, ya tafi, bai bar tabo ba.

“To ba funfuna ba ce. Funfuna kore-kore take, kuma tana cin ganye. 'Yan damfara kuma sukan fesa wa sabuwa ruwan shayi da zuma ta yi duhu, su sayar wa Bature a matsayin tsohuwa. Ido suke cuta. Ƙaro ba ya cutuwa. Tsohon ƙaro ba shi da ɗanɗano, fashewa yake kamar kwalba. Sabo yana kama harshe.”

Da ya kai na biyar ya ce sai an ƙona ɗaya. Na ce shaidar kotu ce. Ya ce, “Alƙalinku yana son magana ko yana son kwalliya?” Na kunna masa. Ya ja sau uku bai haɗiye ba, ya sa na faɗa masa launin tokar. Fara ce mai ɗan duhu, ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba ta faɗi ba. Ya gyaɗa kai.

“Wannan ta yi shekara sha huɗu, ta ma ɗan haura. Ganyen fadamar nan ne, na shekarar da ruwa ya yi gardama. Amma ɗana, wa ke ba ta ruwa? Taba a ƙasar nan, sati biyu ba danshi ta zama gari. Wannan ba ta taɓa jin ƙishirwa ba.”

Na ce ɗakin a rufe yake, ba mai shiga.

“Me ke bayan bangon?”

Sai na tuna. A bayan wannan bangon, ɗakin Yaya ne, kuma daidai wannan kusurwa randarta take zaune a kan jiƙaƙƙen yashi. Sau nawa muka ce ta matsar da ita don bangon na jiƙa, ta ce Alhaji ya ce kada a ɗaga ta daga nan. Na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari.

“Ja'irin! Matarsa ce ke shayar da tabarsa ba ta sani ba.”

Na ɗauka sauran ma haka za su warware.

Muka ci gaba, na shida, na bakwai, har na goma sha ɗaya, duk magana ɗaya. Na miƙa masa na ƙarshe. A idona ba shi da bambanci da sauran, sai dai babu farin garin. Ya murza a kunne. Ya shinshina, ya kawar da kai da sauri. Ya taɓa da harshe. Ya daɗe yana shafa wutsiyar, har na ji kukan kurciya a waje da ƙarar turmin maƙwabta.

“Binta, ɗaga labulen nan,” ya ce. Shi da ba ya gani.

“Malam, lafiya?”

“Wannan ba ta wuce damina biyu ba. Ƙaron ma bai gama mutuwa ba.”

Na ce to wani ne ya naɗa.

“Kawo yatsanka.” Ya ɗora shi a wutsiyar. “Ka ji? Ninki biyu, sannan a tura bakin ciki da farce. Ni na ƙirƙiro wannan don ganyenmu gajere ne. Mutum ɗaya na koya wa. Ni kuwa ga hannuna, shekara tara ke nan ko hula ba ya ɗagawa.”

Na ba shi labarin dogon da tela ya gani. Ya ce ya san ranar. Ya dawo daga masallaci ya ji ƙamshin tabar Ilu a zaurensa, ya yi sallama ba a amsa ba, ya lalluba rumfa ya tarar ɗaurin ganye ɗaya babu. Bai faɗa wa kowa ba, don kada a ce bayan ido hankali ma ya tafi.

“Malam, yana da rai ke nan?”

“Taba ka kawo mini, ɗana. Taba na sani. Goma sha ɗaya tsofaffi, ɗaya sabuwa, hannu ɗaya. Rubuta haka, kada ka ƙara mini ko wasali.”

Na rubuta, na karanta masa, ya dangwala yatsa a gaban liman da mai unguwa. Na nemi in bar masa kara ɗaya kyauta. Ya ce in kwashe abina duka, har guntun da ya ja, kuma kada akwatin ya kwana a gidansa. Na kwana a Baure.

Daura, Alhamis

Na iso gida ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Yaya na tsakar gida tana tsince shinkafa, Mamman Sani na kan benci. Na karanta musu takardar kamar yadda nake karanta labarai, ban ɗaga murya ba, ban sauke ba. Mamman Sani ya ce makaho da tela ba su isa su ta da matacce ba, amma bai yi dariya ba, kuma da na miƙa masa akwatin bai karɓa ba. Yaya ta ajiye faifan, ta ɗebi guga, ta shiga ɗakinta. Muna ji tana zuba ruwa a randa.

Ina gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, da telan Dutsi, da mai masaukina na Sandamu, da Binta, da Malam Sale, wanda ya rasu a daminar da ta biyo baya. Allah Ya jiƙansa.

Ranar Litinin alƙali ya karɓi takardar, ya ɗage shari'ar shekara guda. Ya sa aka mayar da akwatin cikin tukunyarsa da kara goma sha ɗaya, ban da guntun wanda aka ƙona, aka sa sabon kwaɗo, aka liƙa takardar kotu a bakin ƙofar, makullin na wurinsa. Da shekara ta zagayo aka buɗe a gabana, da Mamman Sani, da magatakarda. Takardar na nan yadda aka liƙa ta. Ni na ɗaga murfin, na ƙirga sau biyu. Goma sha biyu ne. Yaya Hajara ba ta shiga takaba ba.