Mang Tinong da Jirgin Romblon

A watan Mayu na shekarar 1972 ne Mauro Fetalvero ya fara haɗuwa da Mang Tinong. A lokacin ba a fara sa masa "Mang" ba, don dattawa ake sa wa, shi kuwa gashinsa bai soma fari ba. Tinong kawai ake ce masa, direban jifni, wato motar haya mai dogayen bencuna a baya, mai bin layin Quiapo zuwa kasuwar Divisoria a birnin Manila. Sunansa na yanka Celestino Manalastas, amma ban da mahaifiyarsa ba mai kiransa da shi.

Mauro mai sassaƙa farin dutse ne a tsibirin Romblon, yana yin ƙananan turame da duwatsun kabari. Bai taɓa taka Manila ba sai wannan shekarar. Matarsa Choleng ta haifi 'yar fari, Fada, limamin coci, kuma ba ya zuwa ƙauyensu yin baftisma sai ranar bikin shekara. Choleng ta ce 'yarta ba za ta shiga coci da rigar aro ba. Shi ya sa Mauro ya ɗauko buhun turame, ya hau jirgin ruwan da ke zuwa sau ɗaya a mako, da nufin ya sayar, ya sayi riga, ya koma a jirgin nan dai, ya isa gida ana jajibiri.

Komai ya tafi daidai. Ya sayar da turamen, ya sayi farar riga mai leshi a wuya, ya sayi kwalin hofiya wajen Sinawan titin Ongpin, wato 'yar wainar nan mai zaƙi da ake cusa wa wake a ciki, don ba a komawa gida daga Manila hannu wofi. Ya kunna kyandir a cocin Quiapo, ya fito, rana ta haske masa ido, ya ɗaga hannu ya kare. Nan take wata jifni ta ci birki a gabansa.

"Ɗan tsibiri, ina zuwa?" in ji direban.

Mauro ya ce bakin jirgi, ya kuma tambaye shi yadda aka yi ya san daga tsibiri yake. Direban ya ce ai mutumin Manila ba ya kallon sama, gabansa yake kallo kada a taka shi. Ya ce masa ya hau gaba. Bakin jirgi ba layinsa ba ne, amma in ya sauke mutane a Divisoria zai kai shi har ƙofa ya gaisa da kyaftin.

Da Tinong ya bi babban titi ya yi haƙuri da cunkoso, da sun isa da sauran lokaci. Amma Tinong bai iya jira ba. Motoci suna tsayawa ƙafarsa ta fara rawa, ya buga ham, ya leƙa, ya zagi wani mai keken doki, sannan ya murɗa kan mota cikin lungunan Tondo, yana cewa a nan aka yanke masa cibiya. Bai kuma iya wuce hannun da aka ɗaga masa ba. Ya ɗauki mace mai kwandon kifi, ya ɗauki tsoho mai zakara, kowa da inda za a sauke shi. Can cikin wani matsattsen lungu suka tarar an kafa rumfar makoki ta tare hanya daga bango zuwa bango, akwatin gawa a ciki, maza suna karta a gefe. Ba a ɗaga rumfar makoki don mota. Baya kuma, wasu direbobin da suka ga Tinong ya shiga suka ɗauka ya san abin da yake yi, sun biyo shi sun toshe.

Ko da suka isa bakin ruwa, hayaƙin jirgin kawai suka gani.

Mauro bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan wani ƙarfe da ake ɗaure jirgi, ya rungume ƙunshin rigar. Tinong ya kewaya shi, ya sake kewayawa, ya cire tawul ɗin wuyansa ya mayar. Daga bisani ya ce, "Tashi mu je, ba ka ci abinci ba." Bai ce a yi haƙuri ba, ranar ko bayanta.

Makon nan Mauro a kujerar gaban jifni ya yi shi, yana kwana a falon su Tinong. Ya buga wa Choleng wayar tangaraho, amsa ba ta zo ba. Zuciyarsa tana gida, idonsa kuwa dole ya ga birni, kuma har ya tsufa yana ba da labarin abin da ya gani a makon nan kamar jiya aka yi.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne kuɗin mota. Mutum yana can ƙarshen benci zai miƙa wa na kusa da shi, wannan ya miƙa wa wancan, hannu zuwa hannu har ya isa ga direba, canji kuma ya komo ta hanyar nan, ba mai kallon fuskar wani. Tinong yana tuƙi da hannu ɗaya, takardun kuɗi a ninke tsakanin yatsunsa, ido ɗaya a madubi. Mai son sauka sai ya ƙwanƙwasa rufi, mota ta tsaya ko a tsakiyar titi ne. A Romblon mutum yakan san sunan wanda zai miƙa wa abu, ya san ubansa. A nan sai ya ga mutane suna yarda da hannu ba su san mai shi ba.

A Divisoria ya ga atamfa da takalma da tukwane sun cika titi har ba a ganin ƙasa. Matar Tinong, Aling Nena, ta koya masa zuwa da sassafe, don mai kaya ba ya son cinikin farko ya kufce masa. In ya karɓi kuɗin sai ya bubbuga su a kan sauran kayan don su bi sahu. Ta duba rigar baftisma ta tambayi nawa ya saya. Da ta ji, ta ce Allah ya jiƙan kuɗinsa.

Abinci kuwa a tsaye ake ci, ko dai haka Tinong yake ci. Faten shinkafa mai citta da tumbi a bakin tasha, soyayyiyar ayaba a tsinke, taliya a faranti na kwano. Kafin Mauro ya gama hura cokalin farko Tinong ya shanye nasa ya tayar da mota. Mauro ya ce bai taɓa sanin ɗanɗanon abincin Manila ba sai bayan shekaru, zafinsa kawai ya sani. Hofiyar nan ma, da suka ga za ta bushe, a mota suka cinye ta. Mauro ya sayi wata ranar komawa, amma ba wajen Sinawan ba, don aljihu ya yi sauƙi.

An yi wa jaririya baftisma da rigar aro, aka sa mata suna Rosalinda. Choleng ta ninke farar rigar ta sa a ƙasan akwati. Tun daga ranar ba ta taɓa kiran sunan Tinong ba, "direban nan" take cewa.

Duk da haka abota ta ƙullu. Kowace shekara Mauro yakan kawo turame, ya sauka a gidan Tinong, suna ce wa juna "Pare" kamar waɗanda suka riƙe wa juna 'ya'ya a coci. Ranar komawa dai ba ya yarda Tinong ya kai shi. Yakan ce gara ya tafi da ƙafa, shi ya fi sauri. Tinong ya yi dariya, ya buga ham, ya wuce.

A ziyarce-ziyarcen nan Mauro ya san sauran labarinsa. Ubansa keken doki yake ja, a kan kujerarsa Tinong ya tashi, shi ya sa zama a abin da ba ya tafiya yake gundurarsa. A coci bakin ƙofa yake tsayawa, ya fice kafin a sa albarka. Wanzaminsa yakan fara da gefen da ya fi muhimmanci, don bai san lokacin da zai miƙe ba. Da wannan motar ya aurar da 'ya'yansa mata, ya sa ɗansa a makarantar aikin jirgi, ya sake mata inji, ya sake mata fenti, bai taɓa barin layin ba.

A shekarar 1998 ƙurar dutse ta gama da huhun Mauro. Rosalinda, wadda ta zama malamar makaranta, ta kawo shi asibiti a Manila. Likita ya gaya mata gaskiya, Mauro ma ya gane ba sai an faɗa masa ba. Abu ɗaya ya roƙa, a mai da shi gida a jirgin wannan makon, don bai da tabbacin ganin na mako mai zuwa. Choleng ta aiko da saƙo daga tsibiri cewa a nemi mota ko ta wane ce, ban da ta direban nan.

Safiyar ranar tafiya, Mauro ya sa aka matsa da shi kusa da taga. A bakin ƙofar asibiti ga jifni a tsaye, ba kowa a ciki, an kife allon layinta. Mang Tinong yana zaune a kan sitiyari. Rosalinda ta rantse ba ita ta kira shi ba, ta dai gaya wa Aling Nena ranar tafiya. Mutane suna ɗaga masa hannu, yana girgiza kai. Likitan da zai sallame su ya yi latti, rana ta take, ta fara karkata, motar tana nan inda take. Mauro ya ga Mang Tinong ya fito ya goge madubi, ya koma, ya sake fitowa ya goge shi.

Da aka sauko da shi, ya tarar an shimfiɗa katifa a kan dogon benci.

"Pare, an hana ni hawa motarka," in ji Mauro.

"Ba hawa za ka yi ba, ɗora ka za a yi. Kwanta."

Suka kama babban titi, cunkoso ya riƙe su. Daga inda yake kwance Mauro yana ganin ƙafar Mang Tinong tana rawa, yana ganin jijiyoyin hannunsa a kan sitiyari. Bai taɓa ham ba. Suka matsa kaɗan, suka tsaya. Rosalinda tana duba agogo tana fifita uban da kwali. Sai ga bakin lungun Tondo a hannun dama, a buɗe, ba mota ko ɗaya, wasu direbobi suna ta zamewa ciki.

"Mang Tinong, babu wata hanya?" in ji Rosalinda.

"Babu, 'yata."

Mauro ya tattara numfashi ya ce, "Tsufa ke nan? Ka manta inda aka yanke maka cibiya?"

"Rufe baki ka adana iskar, za ka buƙace ta a matakalar jirgi."

Wata tsohuwa da kaya niƙi-niƙi ta ɗaga wa Mang Tinong hannu daga gefen titi. Mauro ya ga ƙafarsa ta nufi birki da kanta, sannan ta dawo. Haka suka yi ta rarrafe, Mauro yana kasa kunne ko zai ji kukan jirgi, tari yana hana shi ji.

Sun isa matakala tana nan ba a janye ba, ana loda buhunan ƙarshe. Mang Tinong da wani ɗan dako suka ɗaga shi har kan gadonsa a jirgi. Mauro ya buɗe baki zai yi magana, Mang Tinong ya ce motarsa tana inda ba a tsayawa, ya juya ya sauka. Rosalinda ta leƙa ta gaya wa uban cewa har Mang Tinong ya juya allon, mota ta cika, yana ta buga wa wani ham.

Sai da jirgi ya fita teku ta ga wani kwali a cikin kayansu wanda ba ita ta saya ba, an ɗaure shi da jan zare irin na Sinawan Ongpin.

Washegari, bayan an kwantar da Mauro a ɗakinsa, Choleng ta tambayi wa ya kai su bakin jirgi. Rosalinda ta gaya mata. Choleng ta kwance zaren, ta ɗauki hofiya ɗaya ta raba biyu, ta miƙa wa mijinta rabi. Ta tauna nata a hankali, sannan ta ce, "Da laushinta. Tinong ya san inda ake saye."