Sallamar da Ba a Amsa Ba

Ɗana na fari ne, don haka ba zan kama sunansa ba, ko a takarda. A gidanmu na Gashua kowa ya san ba na zaman hira da shi. Amma kunne ba ya alkunya. Tun yana rarrafe nake gane tarinsa cikin na yaran unguwa.

Da ya dawo daga hidimar ƙasa, sai na ga neman aiki ya koma cikin waya. Ni a sanina, mai neman aiki wanka yake yi, ya je ya durƙusa ya gaida mutane, a ga idonsa, a tambaye shi ɗan gidan wa. Shi kuwa yana bakin rijiya inda sabis ya fi kamawa, yana ta latse-latse. Ƙanwarsa ke kawo mini rahoto. Wani mai shagon kwamfuta a Nguru ya ce sai ya zuba wasu kalmomi a takardarsa kafin a lura da shi, ya je aka zuba. Wani ya ce hoton ne bai yi ba, ya sake. Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, ko "mun gani" babu.

Rannan ina juya kifi a kan banda, ƙanwar tasa ta zo ta ce wata ƙungiya ta zaɓe shi, za a yi masa intabiyu ta waya, da hoto da murya. Sun ce ya nemi farin bango da wurin da babu hayaniya.

Malam, mahaifinsa, ya dube ni ya ce, "Awaki dai a ɗaure su a waje. Ke ce ban san inda za a kai ba."

Na ce, "Malam, in dai don wannan ne, ka ɗauka an yi mini ɗinki a baki."

Bangonmu duk hayaƙin banda ya dafa shi. Na sayo farar ƙasa na shafe gefe ɗaya na ɗakin tsakiya, ya bushe na ƙara. Na shiga wurin maƙwabciyata mai injin markaɗe na roƙe ta.

Ta ce, "Yaya, ga robobin mutane a layi fa."

Na ce, "Su jira. Albashin farko ke za ki fara ɗanɗanawa."

Ta yi dariya ta kashe injin.

Da hantsi ya sa kwat ɗin da ya aro, ya shiga ya ja ƙofa. Ni kuma na ɗauko faifai na zauna jikin bangon ta waje ina tsintar shinkafa, kada a ce saurare nake.

Na ji ya gyara murya ya yi sallama. Na saurara. Amsar ta zo mini har baki, na haɗiye, tunda an ce a yi shiru. Can ya shiga Turanci. Ba na jin Turanci, amma na san hira. Na san inda "to" ke faɗawa, na san inda babba ke cewa "madalla" don yaro ya samu numfashi. Ya yi magana ya tsaya, ya sake kamawa ya tsaya. Har ’yar dariyar nan da yake wa manya ya yi, ba wanda ya taya shi.

Da ya fito na ja ƙanwarsa madafa na ce, "Su wane irin mutane ne, ko tari ba sa yi?"

Ta ce, "Inna, ai babu kowa. Tambaya ke fitowa a rubuce, ya amsa, waya ta naɗa. Daga baya za su kalla."

Ashe inji na kashe wa inji.

Saƙonsu ya zo bayan ya sha jira: sun gode, sun yaba da amsoshinsa, amma ba wannan karon ba. Ya ɗauka da haƙuri, har sai da wani abokinsa na Nguru ya zo, wanda shi ma ya yi wannan intabiyun. Shi sabis ne ya yanke masa tun a gaisuwa, ko tambaya ɗaya bai amsa ba. Suka jera wayoyinsu. Shi ma an yaba da amsoshinsa, kalma ba ta bambanta ba.

Ina madafa na ji ɗan nawa ya ce wa Malam, "Baba, ba su ma buɗe ba." Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Yanzu yana jan keke mai ƙafa uku a Nguru, tsakanin tasha da kasuwa. In ya zo gida muryarsa a dushe take saboda kiran fasinja, ’yar dariyar nan kuma ban sake jin ta ba.

Bangon yana nan, ya yi suna. Samarin unguwa kan zo aronsa, kowa da kwat a leda. Ba na hanawa, har awaki nake fitar musu. Sai dai duk wanda ya yi sallama, ina daga waje nake amsa masa da ƙarfi. Ƙanwar ta ce zan ɓata musu, muryata za ta shiga ciki. Na ce ta shiga. In akwai mai ji a can, ya fito ya ce in yi shiru.