Gidan Zubaidatu da Ake Kira Gidan Zailani

Duk wanda ya zauna a unguwar Muciya ta Sabon Gari bayan yaƙin basasa, ko bai san fuskar Zubaidatu mai ƙuli ba, ya ci man gyaɗarta. Tun tana amarya take matsar mai a cikin gida, hayaƙi ya ci mata ido, taɓarya ta sa mata kanta a hannu. Miji ya rasu, ba ɗa ba jika, ta ci gaba da zuba adashi har ta sayi fili a Samaru. Lokacin jami'ar da ke can na ta ɗibar ma'aikata, masinja da akawu da kuku kowa na neman ɗaki ido rufe.

Ana jin ta sayi fili masu shawara suka yi mata caa. Mutumin da bai taɓa gina ko akurki ba shi ne mai cewa a yi rufin kwano, a ja famfo, kada a ba gwauro, kada a ba ɗalibi. Duk ta saurara. Amma shawarar da ta cuce ta daga bakin ƙaninta Zailani ta fito, wanda ta goya da zanenta.

"Yaya, mace ba ta cacar baki da 'yan haya, raina ki za su yi. Ki zauna ɗakinki da mutuncinki, ni zan tsaya miki."

Ta ga kamar gaskiya ya faɗa, da aka gama gini ta damƙa masa gidan. A yi masa adalci, ko kwabonta bai taɓa yin ciwon kai ba, duk wata yana kawo mata kuɗin haya cif. Sunan gidan ne dai ya ɗauke mata. Ya sa benci a ƙofa, ya ɗinka babbar riga, 'yan haya na rusunawa suna "mai gida, mai gida," shi kuwa bakinsa bai taɓa buɗewa ya ce na yayata ne ba. Har kwandastoci suka riƙe: "Gidan Zailani, akwai mai sauka?"

Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ta ce bari dai ta ga guminta da idonta. Ta yafa mayafi, ta cika kwalba da mai don ta kai wa 'yan hayarta tsaraba, ta hau bas daga Sabon Gari. A Samaru ta tambayi gidan Zubaidatu har ƙafarta ta gaji, ba wanda ya sani. Sai da ta haɗiye takaici ta ce gidan Zailani, nan take mai shayi ya nuna mata.

Ta yi sallama ta shiga. Ronke, matar wani akawu, tana wanki a bakin famfo. Ta dubi tsohuwa, ta dubi kwalba.

"Mama, yi haƙuri, mai gida ya hana talla a gidan nan."

Talla fa! Man da ya sayi kowane bulo na gidan, shi aka hana shiga. Zubaidatu ta juya ta fito da kwalbarta. Da ta tuhumi Zailani, ko kunya babu ya ce, "Haba Yaya, suna ne fa kawai."

A watan ta kwaso kaskonta da turminta ta tare a ɗakin kusa da famfo. Ronke ta durƙusa har ƙasa tana ba da haƙuri. Mata masu ɗan jari suka riƙa zuwa tambaya, bulo ko tubali, ɗaki nawa, wa za a ba. Amsarta ba ta canzawa: "Ki gina yadda kika ga dama. Amma ranar da ɗan haya na farko zai shiga, ki miƙa masa makulli da hannunki."

Ta yi shekaru tana gyara wa kwandastoci baki, suna dariya suna cewa to Mama. Ta rasu ana gab da komawa mulkin farar hula. Bayan sallar asuba ladan ya tashi ya sanar wa jama'a cewa Allah Ya yi wa yayar Zailani rasuwa, za a yi jana'iza da hantsi a gidan Zailani.